Kifin kiwo da gubar da wuta ba ta kashewa

Mai sayen kifi a kasuwar Bune ba ya bukatar malami. In ɗanye ne, zai duba idonsa, ya danna cikinsa da yatsa, ya kai shi hanci. In banda ce, zai karya guda ya ga ko tsutsa ta riga shi. Ilimi ne da aka gada kaka da kakanni, kuma ya isa ya raba mutum da ruɓaɓɓen kifi. Sai dai akwai wani aibi wanda ido da hanci da yatsa duk ba su kama shi, wato ƙarfe mai guba da ya narke cikin ruwa, ya shiga jikin kifi ya zauna. Kifin da ke ɗauke da dalma ko zaiba yana iyo lafiya lau, yana ƙiba, yana daɗi a miya. Wanda ya ci shi ba ya kwana da ciwon ciki. Sai an ɗauki shekaru abin yake bayyana, a ƙodar babba ko a kwanyar yaro, lokacin da ba mai tuna kifin, balle wanda ya sayar da shi.

Dalilin tada wannan magana shi ne kifin da ake ci a gabashin Nijar ya soma canja asali. A da, akasarinsa daga tabkin Cadi da kogin Komadugu yake zuwa, banda ce cikin kwali. A shekarar 2015, saboda rikicin Boko Haram, hukumomi suka hana su da cinikin kifi a jahar Difa, ba a ɗage hanin ba sai a 2019. A maƙwabta kuwa kiwon tarwaɗa ya bunƙasa, har Nijeriya ta zama ƙasar da ta fi kowace a Afirka fitar da wannan kifi daga kududdufan kiwo. A jahar Damagaram ma an daɗe ana zuba ƴaƴan kifi cikin tabkuna, irin su Gidimuni da Lasuri, tarwaɗa da gargaza da giwan ruwa. A kwarurukan ƙasar Manga, inda ruwa yake kusa da doron ƙasa, gina ramin kifi a gefen lambu ba abu ne mai wuya ba, kuma poroje-poroje na son irin wannan aiki.

Wannan ci gaba ne, ba mai hankalin da zai ƙi shi. A duniya, abin da mutum guda yake ci na kifi a shekara ya kai wajen kilo 20; a Nijar bai kai kilo 3 ba. Ƙasar da tamowa ke kwantar da yaranta kowane bazara ba ta da dalilin guje wa kifi. Amma kifin kogi shi ke zaɓen inda zai je. Kifin kiwo ɗan kurkuku ne: ruwan da aka ba shi shi zai sha, abincin da aka watsa masa shi zai ci. Saboda haka lafiyarsa tana hannun mai shi, alhakinsa ma yana wuyansa.

Ƙarafa huɗu da aikinsu a jiki

Dalma sananniya ce. Ita ce cikin batirin mota da na hasken rana, tana cikin wasu fenti, tana cikin baƙin dutsen da ake niƙawa a yi kwalli. In ta shiga jiki sai ta kwaikwayi sinadarin da ke gina ƙashi, ta laɓe cikin ƙasusuwa shekaru da dama. Mace mai ciki tana miƙa ta ga ɗan tayi. Ga yaro tana dushe basira, tana kawo ƙarancin jini, in ta yi yawa ta kawo farfaɗiya da mutuwa. Ga babba kuwa hawan jini da ciwon ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta bayyana cewa babu wani mizani na dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa.

Zaiba ita ce farin ruwan ƙarfen nan mai gudu da masu haƙar zinariya ke kama garin zinariya da shi. In ta kwanta cikin laka, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna juya ta zuwa wani nau'i da ya fi asalinta dafi, wanda yake manne wa tsokar kifi. Ƙaramin kifi ya ci tsutsa, babba ya ci ƙarami, a kowane mataki tana ninkuwa. Shi ya sa tsohon giwan ruwa mai farautar ƴan uwansa ya fi gargaza mai cin ganye tara ta. Jijiyoyi da kwanya take kai wa hari, ɗan da ke ciki kuma shi ya fi shan wahalarta.

Kadmiyom ba shi da suna a Hausa, amma yana gidaje da gonaki: cikin wasu ƙananan batura da ake caji, da cikin takin zamani na fosfat. Ƙoda ce masaukinsa, kuma kafin rabin abin da ya shiga ya fita, sai a yi shekara 10 zuwa 30. Na huɗu shi ne kurom, wanda masana'antun jima suke jeme fata da shi. Nau'in da ake jima da shi dafinsa kaɗan ne, amma zafi da iska suna iya mai da shi wani nau'in mai kawo ciwon daji.

Ƙa'idar da ƙasashen Turai suka sa wa yawancin kifi ita ce kada kilo guda ya ƙunshi fiye da miligiram 0,3 na dalma, da 0,05 na kadmiyom, da 0,5 na zaiba. Ɗan kasuwa ya fi gane lissafi da tan: a tan guda na kifi, dalmar da aka yarda da ita ba ta kai sulusin giram ba. Batirin mota ɗaya kuwa yana ɗauke da dalma wajen kilo 8 ko fiye. Ba duka take narkewa ba, ba duka take shiga kifi ba. Amma kaso ɗaya cikin dubu na wannan batiri ya isa ya wuce ƙa'idar tan 20 na kifi.

Kwarin da ba shi da mafita

Ƙasar Bune ta yi nisa da masana'antu, wannan ita ce babbar sa'arta. Arzikinta yana cikin kwarurukan da jigayin rairayi suka kewaye: dabino da goruba a baki-baki, lambuna a ciki, kanwa da mangul a tsakiya inda ƙasa ta fi zurfi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda kanwa ke fitowa ya riga ya san rabin wannan darasi. Ruwa yana gangarowa kwari da damina, ko ya ɓullo daga ƙasa, ba shi da kogin da zai bi ya fita. Rana ce kaɗai ke ɗaukarsa, kuma a wannan yanki tana iya shanye fiye da mita 2 na buɗaɗɗen ruwa a shekara. Ruwan ya tashi sama, abin da ya narke cikinsa ya zauna. Haka kanwa ta taru shekaru aru-aru har ta zama sana'a. To, hanyar da kanwa ta bi ta taru, ita ce dalma za ta bi. Kogi yana wanke kansa, ya tura dattinsa gaba. Kwari kuwa abin da ya shiga cikinsa ya shiga ke nan.

Ruwan kanwa yana da wata ɗabi'a da ke iya yaudarar ma'aikacin da ya zo awo. A cikinsa dalma da kadmiyom ba sa daɗewa a narke, sai su kwanta ƙasa su haɗu da laka. In an ɗebi ruwan sama a kwalba aka kai ɗakin awo, ana iya samunsa garau, alhali gubar tana ƙasa. Tarwaɗa kuwa a ƙasan take rayuwa, laka take tona, in rani ya tsananta ma cikinta take lafewa. Da tabkin ya ƙafe, wannan lakar ce ake kwasa a zuba wa lambu, ita ake buga tubali da ita, a kanta yara suke wasa, iskar hunturu kuma ta ɗauke ƙurarta zuwa cikin gidaje.

Ina ƙarfen zai fito a wurin da ba masana'anta? Daga ƙananan abubuwan da ba a ɗauka a bakin kome ba. Mataccen batirin tocila da na rediyo da ake jefawa juji, jujin kuma a gangaren kwari. Batirin hasken rana, wanda ya shiga ƙauyuka da yawa, in ya mutu a fasa shi don a cire dalmar a sayar, ruwansa a zubar a ƙasa. Baƙin man injin ban ruwa da ake juyewa a bakin rijiya. Takin zamani da ruwan lambu ke wankewa ya gangara. Tsohuwar durom ta fenti ko ta magani da aka yanke aka mai da ita mazubin ruwa. Fasa batiri ba ƙaramin abu ba ne: a unguwar Caroy, bayan garin Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda ƙurar dalmar da ake cirewa daga tsofaffin batura.

Ƙofa ta ƙarshe ita ce buhun abinci. Abincin kifi shi ke cinye mafi yawan kuɗin mai kiwo, don haka nan ne ake neman arha, nan ne kuma algus ke shiga. A unguwar Hazaribag ta birnin Daka, a ƙasar Bangaladash, an yi shekaru ana dafa yankakkun fatun da aka jeme da kurom, a shanya, a niƙa, a sayar a matsayin abincin kaji da kifi, kafin a tashi majemun daga wurin a 2017. Buhun da ba suna, ba adireshin mai yi, wanda ya fi sauran arha da nisa, ya cancanci tambaya. Gaskiya ita ce kifin da aka yi kiwonsa da ruwa mai kyau da abinci mai kyau, aka kama shi yana ɗan wata 6, ya fi tsohon kifin daji tsabta ta fuskar zaiba, domin bai daɗe a duniya ba balle ya tara. Laifin ba na kiwo ba ne, na abin da aka zuba ne.

Kogin da ya taso daga Kano

Ba duk kifin da ke kasuwannin Gure ne aka haifa a Gure ba. Ƙasar Bune tana iyaka da Nijeriya, fatake kuma ba su daina zirga-zirga tsakaninta da Macina da Nguru ba. Ruwan fadamar Nguru kuwa daga nesa yake. Kogin Calawa yana bi ta kudancin birnin Kano, inda masana'antun jima da na saƙa na unguwannin Sharaɗa da Calawa suka daɗe suna sakar masa ruwan aikinsu. Daga nan ya haɗu da kogin Kano, ya bi ta Wudil, ya zama kogin Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, ya wuce Gashuwa da sunan Yobe, ya zama iyakar ƙasashen biyu a jahar Difa, ya faɗa tabkin Cadi kusa da Boso. A arewacin Kano kuma dattin masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi zuwa Jakara, ya taru a madatsar Wasai, inda ake su, ake kuma noman rani. Masana na jami'o'in Kano da Zariya sun sha auna ruwa da laka da kifin waɗannan wurare, suna samun kurom da dalma da kadmiyom, sau da yawa fiye da ƙa'ida.

Yawancin ƙarfen yana kwanciya cikin laka tun kafin a yi nisa da Kano, fadamu kuma suna tace wani abu, amma ambaliya tana tada abin da ya kwanta. Mutanen Gashuwa sun daɗe suna kuka da yawan ciwon ƙoda, har gwamnatin jahar Yobe ta ɗora wa masana aikin gano dalili, ruwan sha da ƙarafa masu guba suna cikin abubuwan da suke aunawa. Nijar da Nijeriya suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mai mazauni a Yamai, kuma a 1990 sun sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar ruwan da suka yi tarayya a kai, har da na Komadugu. Teburin da za a zauna a yi maganar ingancin wannan ruwa yana nan. Ba sai an ƙera sabo ba.

Gani ga wane

A garin Minamata na ƙasar Japan, kyanwoyi ne suka fara. Suka riƙa tangaɗi, suna juyi kamar masu bori, suna faɗawa teku. A watan Mayu na 1956 likitoci suka ba da sanarwar wata baƙuwar cuta da ke kama iyalan masunta: hannu ya mutu, harshe ya karye, gani ya ƙuntata, a haifi yaro da nakasa. Masana'antar Chisso ce take zuba zaiba a gaɓar teku, kifi yana tarawa, talaka yana ci. Sai a 1968, bayan shekara 12, gwamnati ta amsa cewa hakan ne. Waɗanda hukuma ta tabbatar sun kamu sun haura 2.000. Da sunan garin aka yi yarjejeniyar duniya kan zaiba a 2013, ta soma aiki a 2017, Nijar da Nijeriya duk suna cikinta. Amma tun daga Komabangu har Jado da Cibarakaten, inda aka yi ribibin zinariya daga 2014, zaiba abokiyar aikin mahaƙa ce.

A Zamfara agwagi ne suka fara ɓacewa daga ƙauyuka. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar Médecins Sans Frontières suka lura da yawan sababbin kaburburan yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Dutsen zinariyar da ake daka wa cikin gidaje cike yake da dalma. Yara aƙalla 400 suka rasu a Dareta da Ƴargalma da Bagega da maƙwabtansu. A can ƙura ce ta kai gubar bakin yara, ba kifi ba, amma kududdufan da aka wanke dutse a ciki sai da aka kwashe lakarsu. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jahar Neja, yara 28 suka tafi.

Na uku a cikin gida ya faru. A Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, an buɗe rijiyar burtsatse a 1985, jama'a suka yi murna da ruwa fari tas. Ruwan yana ɗauke da sinadarin fuluwor fiye da ninki uku na ƙa'idar OMS. An yi wajen shekara 15 ana sha kafin a farga, bayan haƙoran dubban yara sun rine, ƙafafun ɗaruruwa sun lanƙwashe. Fuluwor ba ya cikin ƙarafan da ake magana, amma darasin ɗaya ne: an yi aiki don alheri, an yanke kyalle, an tafa, ba a koma an auna ba.

Wuta ba ta kashe ta

Uwargida ta saba da cewa abin da ya dahu ya tsarkaka. Ga tsutsa da ƙwayar cuta haka ne. Ƙarfe kuwa ba shi da rai balle wuta ta kashe shi. Banda ma ƙara masa ƙarfi take yi: kilo 3 na ɗanyen kifi in ya bushe sosai yakan koma wajen kilo guda, ruwan ya tafi, ƙarfen duka yana nan. In an yi bandar da katako mai fenti ko tsohuwar taya, an ƙara wani dafin a kai, haka nan in an yayyafa mata maganin ƙwari don kada ta yi tsutsa a hanya.

Duk da haka akwai abin da ke hannun mai girki. Dalma da kadmiyom sun fi taruwa a hanta da ƙoda da kayan ciki, da jan naman kumatu wanda kifi yake numfashi da shi. A cire su a binne, kada a ba kaji. Zaiba tana cikin tsoka, wanki ba ya fid da ita, maganinta zaɓe ne: mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara su fi karkata ga gargaza da matsakaicin kifi, su rage ƙaton giwan ruwa. Kada kuma gida ya dogara ga kifin tabki ɗaya shekara da shekaru.

Nauyin da ke kan kowa

Sauran aikin ya fi ƙarfin murhu. Ɗan kasuwar da yake sanin garin da buhun gerensa ya fito, da wanda ya ɗinke bakinsa, ba zai gaza sanin ruwan da kifinsa ya fito ba. Tambayar kyauta ce, kuma jarinsa take karewa: ran da aka ce kifin wata kasuwa ya cutar da yara, mai gaskiya da maras gaskiya tare za su yi kwantai. Mai kiwo kuma ya nisanta raminsa daga juji da wurin gyaran injin, ya ajiye takardar buhun abincin da ya saya. Masu gari da sarakunan ruwa, waɗanda suke da ikon hana su kafin lokaci, suna da ikon hana fasa batiri da zubar da baƙin mai a gangaren kwari.

Mafi nauyin kaya yana kan ma'aikacin gwamnati. Tun 29 ga Disamba 1998 Nijar ta kafa dokar kare muhalli mai lamba 98-56. Akwai ɗakin awo na ƙasa, LANSPEX, a Yamai. Akwai cibiyar binciken noma ta INRAN. Akwai Jami'ar André Salifou a Damagaram, da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai. Daga Bune zuwa Yamai ya fi kilomita 1.000, amma busasshiyar laka da busasshen kifi ba sa lalacewa a hanya, ƙarfen da ke ciki ba ya gudu. Abin da ake bukata shi ne ma'aikatan ruwa da gandun daji, da hukumomin komin, da masu ba da kuɗin poroje su mai da shi sharaɗi: ba a zuba ɗan kifi ko guda a tabki sai an auna ruwansa da lakarsa, a sake awo a ƙarshen rani, lokacin da ruwa ya ja baya, a auna buhunan abincin da ke ƙetaro iyaka, a manna sakamakon a ƙofar hukuma, a karanta shi a rediyon karkara da Hausa da Barbarci da Fulatanci. Porojen da ya iya sayen mota da biyan kuɗin taron bita ba zai ce kuɗin awo ya gagare shi ba.

Shekaru ke nan ana kafa shingaye a kan jigayin Gure da Maine-Sorowa don kada rairayi ya binne kwaruruka, domin kowa yana ganin rairayin yana tahowa. Wannan abokin gaba ba a ganin tahowarsa, kuma in ya sauka cikin kwari ba ya tashi. Minamata ta yi shekara 12 tana jiran amsa, Tibiri ta yi 15. Kwarin Bune yana da damar da su ba su samu ba, ta a auna tun kafin a zuba. Allah ya sa masu sa hannu a takarda su tuna da haka ran da za a kawo tankin ƴaƴan kifi.